Romantisizim: Adabin da Ya Ƙi Hadda, Ake Koyar da Shi da Hadda

Ya ku 'yan'uwa malamai, da iyalanmu masu bin wannan mujalla ta reshe, akwai wata kalma da ke zagayowa kowace shekara a darasin adabin Turanci na manyan azuzuwan sakandare, wadda muke ganin an daɗe ana yi mata riƙon sakainar kashi. Kalmar ita ce Romantisizim. Ɗalibi yakan fara cin karo da ita ne a ƙananan littattafan nan na taƙaitaccen bayani da ake kasawa a bakin makaranta idan jarrabawa ta ƙarato, inda aka jera masa siffofinta biyar ko shida: ƙaunar daji da furanni, fifita zuciya a kan hankali, begen zamanin da, da sauransu. Sai ya haddace, ya juye a takardar amsa, ya fito ya manta. Uba kuwa idan ya ji sunan a bakin 'yarsa, hankalinsa yakan tafi ne ga littattafan soyayya na kasuwar Kano, ya fara tambayar me ake koya wa yara a makarantar boko.

Bari mu fara kwantar wa iyaye hankali. Kalmar ta samo asali ne daga sunan da mutanen Turai na tsakiyar zamani suka ba labaran jarumta da al'ajabi da aka rubuta cikin harsunan da jama'a ke magana da su a kasuwa da gida, maimakon Latin, harshen coci da malamai. Tun daga tushenta, ke nan, maganar harshen talaka ce. Daga wajen 1790 zuwa wajen 1840 marubuta a Jamus da Ingila da Faransa suka tayar da wata babbar husuma a kan tambayoyi kamar haka: wa ya cancanci a yi waƙa a kansa, da wane irin harshe, kuma shin dokokin da magabata suka shimfiɗa su ne iyayen gijin mawaƙi ko kuwa barorinsa? Wannan husuma ita ce Romantisizim. Ra'ayinmu shi ne, wanda ya cire husumar ya miƙa wa yaro jerin siffofi, ya ba shi fatar rago ne babu nama.

A dubi abin da ya faru a Ingila a 1798. Wasu samari biyu, William Wordsworth da Samuel Taylor Coleridge, suka fitar da wani ɗan littafin waƙoƙi mai suna Lyrical Ballads, ko sunayensu ba su sa a bangonsa ba. A wancan zamani waƙa tana da nata kalmomi na musamman, kamar yadda fada take da nata. Mawaƙi ba ya kiran kifi da sunansa, sai ya yi masa kirari mai tsawo. Wordsworth ya zo ya cika shafuka da wani tsohon maharbi da ƙafafunsa suka kumbura, da uwa wadda ta zautu, da yaro mai raunin hankali da aka aika neman likita da dare, da wata 'yar ƙauye da ta ƙi yarda ta cire 'yan'uwanta biyu da suka rasu daga lissafin gidansu. A bugu na biyu, na 1800, ya ƙara gabatarwa inda ya kare aikinsa da cewa harshen da mutane ke magana da shi a zahiri shi ya fi dacewa da waƙa. Masu sharhi suka yi masa ca. Francis Jeffrey na mujallar Edinburgh Review ya shafe shekaru yana yi masa ba'a. Da John Keats ya taso, shi da mahaifinsa ke kula da bargar dawaki a Landan, shi kuma ya koyi aikin haɗa magani, mujallar Blackwood's ta ba shi shawara ya koma shagon magani ya bar waƙa ga masu ita. Keats ya rasu a Rum a 1821 yana da shekara 25, kuma yau waƙoƙinsa ake karantawa, ba sharhin ba.

Wanda bai san wannan ba ba zai gane dalilin da ya sa waƙa a kan furanni ta zama abin faɗa ba. Ingila ta wancan lokaci tana cikin sauyi mai zafi. Masaƙun injin suna haɗiye ƙauyuka, majalisa tana zartar da dokokin killace filayen da talakawa suka gada suna kiwo da itace a cikinsu, juyin juya halin Faransa na 1789 ya firgita masu mulki har suka haramta ƙungiyoyin ma'aikata da dokokin 1799 da 1800, haramcin da bai ɗagu ba sai 1824. Mawaƙin da ya tsaya yana kallon kogi ko tsauni a irin wannan zamani, yana faɗa wa masu ma'aunin riba cewa akwai abin da ma'auninsu bai kama ba. John Clare, ɗan ƙwadagon gona da littafinsa na farko ya fito a 1820, ya ga da idonsa an datse hanyoyin ƙauyensu an sare bishiyoyin da ya sani tun yana yaro, kuma abin da ya rubuta a kan tsuntsaye da ciyayi kukan mutum ne da aka ƙwace wa ƙasa. Ɗalibin da aka ce wa “suna son daji”, aka tsaya nan, an ɓoye masa rabin labari.

Mu 'yan ƙungiyar ƙwadago muna da wani dalili na musamman na riƙe wannan tarihi. Ranar 16 ga Agusta, 1819, dubun dubatar masaƙa da iyalansu suka taru a wani fili a Manchester suna neman wakilci a majalisa. Mahayan dawaki suka auka musu da takubba. Mutane fiye da goma suka mutu, ɗaruruwa suka ji rauni. Percy Shelley yana Italiya labarin ya same shi, ya rubuta The Masque of Anarchy, inda ya kira ma'aikata su tsaya kyam ba tare da ɗaga makami ba, su dogara da yawansu. Abokinsa da ya aika wa waƙar ya ji tsoron hukuma, bai buga ta ba sai 1832, shekara goma bayan Shelley ya nutse a teku. Daga baya ma'aikatan Ingila suka mayar da ita abin karantawa a tarukansu. Wannan shi ne mutumin da ƙaramin littafin jarrabawa yake gabatarwa a matsayin mai waƙar iska da tsuntsu kawai.

A fagen wasan kwaikwayo ne husumar ta fi fitowa fili, domin a can sai da aka kai ga dambe. Faransawa sun gaji dokoki uku daga masanan ƙarni na 17, waɗanda suka jingina su ga Aristotle: wasan ban tausayi ya gudana a wuri ɗaya, cikin yini ɗaya, a kan lamari ɗaya. Ba a kisa a gaban 'yan kallo, ba a gauraya dariya da kuka, sarki ba ya furta kalmar da bawansa zai furta. Abin ya kai ga lokacin da Jean-François Ducis ya mayar da Othello na Shakespeare zuwa Faransanci a 1792, sai ya musanya hankicin da dukan makircin ya rataya a kansa da wani abin ado na lu'ulu'u, domin hankici ba abin ambato ba ne a bakin manya. Da Alfred de Vigny ya dawo da hankicin a fassararsa ta 1829, aka yi ta gunaguni a zauren. Kalma ɗaya tak.

Victor Hugo ya riga ya shelanta yaƙi a gabatarwar wasansa Cromwell a 1827, inda ya ce rayuwa takan haɗa kyakkyawa da mummuna, abin dariya da abin tsoro, don haka dandamali ma ya haɗa su. A 1829 hukumar tace wasanni ta hana wasansa Marion de Lorme saboda yadda ya nuna wani sarkin Faransa a matsayin rarrauna. Sai ya rubuta Hernani, labarin wani ɗan sarauta da ya zama ɗan fashin duwatsu a Sifen, wasan da ke tsalle daga Saragosa zuwa duwatsun Aragon zuwa kabarin Sharlaman a Jamus, ya kuma karya ɗangon waƙa inda doka ta ce kada a karya. Daren 25 ga Fabrairu, 1830, ana gobe zai cika shekara 28, aka fara nuna shi a babban gidan wasa na Comédie-Française. Hugo ya cika kujeru da matasa masu zane da mawaƙa masu dogon gashi, cikinsu har da Théophile Gautier sanye da jar falmaran da ta shiga tarihi. Dattawa suna fito da ihu, matasa suna tafi, dare bayan dare har watanni. Wata biyar bayan haka mutanen Paris suka tumɓuke Sarki Charles na Goma. Ba mu ce wasan ne ya kayar da sarki ba, amma mutanen da suka ƙi yarda a tsara musu inda ɗango zai tsaya, su ne dai suka ƙi yarda a rufe musu jaridu.

Jamusawa sun riga su da kusan shekara hamsin. Friedrich Schiller likitan soja ne a Stuttgart lokacin da aka nuna wasansa na farko, a kan wani ɗan babban gida da ya zama shugaban 'yan fashi, a Mannheim a Janairun 1782. Ya je kallo ba da izini ba. Daga baya mai mulkin Württemberg ya tsare shi mako biyu ya kuma hana shi rubuta wasa, shi kuwa ya gudu daga ƙasar. A Ingila kuma dokar 1737 ta sa kowane wasa sai ya bi ta hannun mai tacewa, kuma gidaje ƙalilan ne ke da izinin nuna manyan wasanni a Landan har 1843, shi ya sa Byron da Shelley suka rubuta wasannin da aka fi karantawa a ɗaki fiye da kallo a dandamali.

To, ina ruwan malamin firamare ko na lissafi da duk wannan? Ruwansa shi ne, yawancin abin da aka koya mana a kwalejin horar da malamai game da yaro, daga wannan rijiya aka ɗebo shi. Jean-Jacques Rousseau ya fitar da Émile a 1762 yana cewa yaro ba ƙaramin babba ba ne, yana da nasa lokaci da nasa hanyar fahimta. Aka ƙona littafin a Paris da Geneva. Johann Pestalozzi ya gwada ra'ayin a kan marayun yaƙi a Suwizalan. Friedrich Froebel ya raɗa wa makarantarsa ta ƙananan yara sunan da ke nufin lambun yara a 1840, gwamnatin Prussia kuma ta haramta irin waɗannan makarantu a 1851 don tana zarginsu da yaɗa tawaye. Duk ranar da mai duba makarantu ya tambaye mu ina kayan koyarwa, ko ya ce darasi ya karkata ga ɗalibi, da bakin waɗannan mutane yake magana, ko ya sani ko bai sani ba.

William Blake ya sa yara su yi magana da bakinsu a waƙa. A littattafansa na 1789 da 1794 akwai waƙoƙi biyu a kan yaran da ake turawa cikin bututun hayaƙin gidajen Landan su share, wasu tun ba su kai shekara takwas ba, sana'ar da ba a kashe ta sosai ba sai da dokar 1875. Malamin da ke da ɗaliba wadda take zuwa aji bayan ta sauke farantin talla ba ya bukatar dogon sharhi kafin ya fahimci waɗannan waƙoƙi, ita ma ɗalibar haka. Akwai kuma waƙarsa The School Boy, wadda hukumar WAEC ta taɓa sanyawa cikin waƙoƙin jarrabawa a shekarun baya. Yaro ne yake kukan yadda ake raba shi da safiya mai daɗi a kai shi ya wuni ƙarƙashin idon malami mai tsanani, yana kwatanta kansa da tsuntsu a keji. A yi tunanin aji mai yara tamanin ko ɗari, rana ta take, malami yana rubutu a allo, yara suna kwafar jigogin wannan waƙa ɗaya bayan ɗaya don su haddace. Da Blake zai leƙo ta taga, da ya ga an ɗauki ƙararsa an mayar da ita sandar dukan mai ƙara.

Ba za mu ɗora wa malami laifin wannan ba. Kundin manufofin ilimi na ƙasa ya ce kada ajin sakandare ya wuce ɗalibai 40, kowa kuma ya san adadin da ke gabansa. Minti arba'in ne darasi. Littafin waƙoƙin, idan an samu, ɗaya ne a hannun malami, sau da yawa da kuɗin aljihunsa ya saya. A makarantu da dama ƙungiyar wasan kwaikwayo ta mutu tun da aka daina ware mata lokaci. Wanda aka ba wannan yanayi aka ce ya gama manhaja kafin Mayu, hadda ce kaɗai ƙofar da aka bar masa a buɗe. Sai dai sanin dalili bai hana mu faɗin abin da ake asara ba.

Wani zai ce, me ya haɗa ɗan Bahaushe da rigimar Turawan shekara ɗari biyu da suka wuce? Akwai zare, kuma ba mu ne muka ƙulla shi ba. Johann Gottfried Herder ya koyar da cewa ruhin kowace al'umma yana cikin harshenta da waƙoƙin talakawanta. Wannan ra'ayi ne ya sa Jacob da Wilhelm Grimm suka tattara tatsuniyoyin Jamus, kundin farko ya fito a 1812. Lokacin da Abubakar Imam ya zauna a Zariya yana rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, tatsuniyoyin Grimm suna cikin littattafan da ya ɗebi labarai daga gare su, tare da Alfu Laila da wasunsu, ya yi musu riga da wando na Hausa har ba a gane baƙi ne. Ɗalibin da ya karanta Imam ya riga ya ɗanɗani 'ya'yan wannan bishiya. ('Yan'uwan nan biyu, a tuna, suna cikin malaman jami'ar Göttingen bakwai da aka kora daga aiki a 1837 saboda sun ƙi yin shiru da sarkin Hanover ya soke tsarin mulki. Ya kamata 'yan ƙungiya su san wannan.)

Ba muna cewa a mayar da mutanen nan waliyyai ba. Rousseau mai koya wa duniya tarbiyya ya kai 'ya'yansa biyar gidan marayu, shi da kansa ya faɗa. Wordsworth da ya yi murnar juyin juya hali yana saurayi ya karɓi aikin tara wa gwamnati haraji a 1813, ya goyi bayan masu ra'ayin riƙau, ya zama Sarkin Waƙa na fadar Ingila a 1843. Matasan da suka taɓa ɗaukarsa jagora suka kira shi wanda ya juya baya. Rayuwar Byron ta aure ba abin koyi ba ce ga ɗan kowa, ko da yake ya mutu a Girka a 1824 yana taimakon masu neman 'yanci. Labarin Werther na Goethe, na 1774, ya ƙawata saurayin da ya kashe kansa saboda so, har aka hana sayar da shi a Leipzig. Ra'ayin Herder na ruhin al'umma, da ya faɗa hannun wasu a ƙarni na 20, ya zama makamin wariyar jinsi. Akwai kuma girman kai a cikin aƙidar cewa abin da zuciyata ta ji ya fi ƙarfin kowace doka, kuma iyayen da ke ɗari-ɗari da wannan suna da hujja. Amma a lura, gargaɗi mafi ƙarfi a kan wannan girman kai daga cikin gidan ya fito: Mary Shelley ta buga Frankenstein a 1818 tana 'yar shekara ashirin, labarin mai ilimin da ya ƙirƙiri rai ya gudu ya bar abin da ya ƙirƙira. Ɗalibin da aka nuna wa ɓangarorin biyu zai iya auna su da tarbiyyar gidansu da addininsa. Wanda aka ba jerin siffofi ba shi da abin aunawa.

Abin da muke nema ba mai tsada ba ne. A karanta waƙar da murya, sau biyu ko uku, kafin a taɓa alli, domin waɗannan mawaƙa don kunne suka rubuta, kuma yaran da suka tashi da waƙar baka sun san kari da amsa-amo tun kafin a gaya musu sunayensu. A bar malami ya yi bayanin tarihin da Hausa idan Turanci ya tsaya wa yara a wuya, ba tare da an ɗauke shi mai laifi ba. Abin kunya ne a hukunta harshen gida a darasin da asalinsa kare harshen gida ne. A raba aji biyu, rabi su kare dokoki uku na Faransawa, rabi su kare Hugo, a ga wanda zai kayar da wani. Masu kare doka suna da abin faɗa, domin su ma sun san cewa mai waƙar da ya watsar da kari gaba ɗaya yakan ƙare da surutu. A ce wa kowane ɗalibi ya rubuta baiti huɗu a kan wani mutum na unguwarsu da ba a taɓa yi wa waƙa ba, mai ga-ruwa ko mai faci ko tsohuwa mai ƙosai, da kalmomin da mutumin zai gane. Yaron da ya yi wannan sau ɗaya ya fahimci gabatarwar 1800 fiye da wanda ya haddace ta, kuma idan tambayar jarrabawa ta zo a karkace, shi ne zai iya amsawa.

Sauran kuwa aikin reshe ne. Idan muna zama da hukumomin ilimi, albashi da ƙarin girma da kuɗin fansho sukan cinye lokacin, kuma haƙƙinsu ne su cinye. Duk da haka muna roƙon shugabannin reshe su ƙara abu uku a takardar bukatu ta gaba: a haɗa wa adabi darasi biyu a jere sau ɗaya a mako don a samu damar karatu da wasa, a samar da littafin waƙoƙin jarrabawa aƙalla ɗaya ga kowane benci, a kuma mayar da awa ɗaya ta ƙungiyoyin ɗalibai cikin jadawali a rubuce, yadda ba za a cinye ta da share fili ba. Malaman adabin Hausa da na Turanci da ke cikin wannan reshe za su iya haɗa hannu su shirya fitowa ɗaya ta wasa kafin ƙarshen zango. Tabarma biyu da bencin aji sun isa dandamali.